Yadda ake ɗanɗana tsohon wuskin Sikotland na matata ɗaya

Masu haɗa wuski a matatun Sikotland sukan duba samfuri da yawa a wuni guda, kuma mafi yawansu ba sa taɓa harshensu. Da hanci suke aikin. Harshe abubuwa kaɗan yake iya rarrabewa, irin su zaƙi, ɗaci, tsami da gishiri. Duk sauran abin da mutum zai ce ya ji, zuma ne ko hayaƙi ko ɓawon lemo, hanci ne ya kawo labarinsa. Wanda ya zuba wuski mai shekara 18 ya kwankwaɗe shi lokaci guda, zafin maƙogwaro kawai ya saya da kuɗinsa.

Wuski barasa ce mai ƙarfi. Musulunci ya haramta ta, kuma jihohin Arewa masu bin shari'a sun hana cinikinta. Wannan bayani na baligin da addininsa da dokar inda yake ba su hana shi ba ne, da kuma ma'aikatan otal da ake sa su yi wa baƙi bayanin abin da ke kan kanta. Mai ciki, mai ciwon hanta ko gyambon ciki, mai shan maganin barci, da wanda zai tuƙa mota, duk ba nasu ba ne.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka buɗe kwalba

Idan ka ga an rubuta *single malt* a kan wuskin Sikotland, dokar Birtaniya ta 2009 ce ta fayyace ma'anarsa. An yi shi da tsiron sha'ir zalla, ba a haɗa da wani hatsi ba, a matata guda ɗaya, cikin tukwanen jan ƙarfe. Tsiron nan shi ne wanda aka sani: a jiƙa hatsi ya fara tsirowa, sannan a busar. Dole ya yi aƙalla shekara 3 a gangar itacen ok a cikin Sikotland, kuma ƙarfinsa, wato yawan barasar da ke cikinsa, kada ya gaza kashi 40 cikin 100. Lambar shekarun da ke jikin kwalba ta wuskin da ya fi ƙuruciya ce a cikin haɗin. Kwalba mai lamba 15 za ta iya ƙunsar wanda ya kai 20, amma ba za ta ƙunshi mai 14 ba. Kuma da zarar an ɗura shi a kwalba, tsufa ya tsaya. Mai shekara 12 da ya yi shekara 30 a kabad, mai shekara 12 ne har gobe.

Wuski yana fitowa daga tukunya fari tas kamar ruwa. Ganga ce take ba shi launi da kaso mai yawa na ƙamshinsa, kuma iri biyu ne suka fi yawa. Akwai gangar Amurka mai cin kimanin lita 200, wadda aka taɓa ajiye wuskin bourbon a ciki. Dokar Amurka ta ce sabuwar ganga da aka babbaka cikinta kawai ake amfani da ita wajen bourbon, don haka tsofaffin suke tafiya Sikotland. Ita tana ba da ƙamshin banila, kwakwa da zuma. Akwai kuma babbar gangar da aka ajiye giyar inabi ta sheri daga yankin Jerez na Sifaniya, mai cin kimanin lita 500. Ita tana ba da zabibi, dabino, kanumfari da kirfa, launin kuma ya yi duhu.

Kowace shekara kimanin kashi 2 cikin 100 na abin da ke ganga yana bin iska. Mutanen can suna kiransa rabon mala'iku. A shekara 18 kusan kashi 30 ya tafi, a shekara 25 kusan kashi 40. Wannan asara, da kuɗin ajiya, su ne suke sa tsohon wuski tsada. Tsada ba ta nufin ya fi daɗi. Gangar da ta gaji ba ta ba da komai ko da an bar wuski a cikinta shekara 25, mai ƙarfi kuma takan danne shi da bauri.

Sai hayaƙi. A wasu matatu ana busar da tsiron da wutar fit, wata baƙar ƙasar fadama da ta samu daga ruɓaɓɓun tsirrai, wadda ake yankowa a busar a ƙona. Tsibirin Islay, da ake furtawa Aila, shi ya fi suna a kan wannan, da matatu irin su Laphroaig, Ardbeg da Lagavulin. Hayaƙin yana yin laushi yayin da shekaru suke ƙaruwa.

Kayan aiki

Kofi shi ne babba. Ana son mai faɗin ciki da tsukakken baki, don ƙamshi ya taru a sama. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne Glencairn, da aka fito da shi a 2001. Akwai kuma ɗan kofin sheri mai ƙafa da ake kira kofita. In babu ko ɗaya, ƙaramin kofin giyar inabi zai yi. Faffaɗan tambulan da ake gani a fina-finai bai dace ba, ƙamshi yana watsewa kafin ya iso hanci. Kofin roba ko na ƙarfe kuwa kada ma a fara. Ka tanadi kofi ɗaya ga kowane wuski, duk iri ɗaya, don kada siffar kofi ta yaudare ka.

Sauran su ne:

- Ruwan kwalba marar gas, wanda ba a sa a firji ba. Ruwan famfo yakan zo da warin kulorin, ruwan leda kuma da warin leda, musamman in ya sha rana. In ruwan famfo kaɗai ke akwai, a tafasa a bar shi ya huce a buɗe.
- Abin ɗiga ruwa. Sabuwar sirinji marar allura ita ta fi, domin tana nuna mililita. Bututun shan lemo ma yana yi: a tsoma, a toshe sama da yatsa, a saki a hankali. Ƙaramin cokalin shayi yana cin kimanin mililita 5.
- Abin awo, ko kuma sirinjin nan.
- Murfi ga kowane kofi. Ɗan faranti ko yankakken kwali mai tsabta ya isa.
- Farar takarda don duba launi, da littafi da biro.
- Biskit marar zaƙi ko busasshen burodi, da babban kofin ruwan sha.
- Kwanon tofarwa.

Wuskin kansa, uku sun isa a zama guda. Kwatantawa ita take koyar da hanci. Kwalba ɗaya tilo ba ta nuna wa sabon shiga komai, domin ba shi da abin da zai auna ta da shi. Jeri mai kyau ga mai farawa: Glenfiddich mai shekara 12, kashi 40, mai sauƙi da ƙamshin 'ya'yan itace. Glenfarclas mai shekara 15, kashi 46, na gangar sheri. Lagavulin mai shekara 16, kashi 43, mai hayaƙi. Wanda yake son ya gane aikin shekaru kaɗai, sai ya ɗauki matata ɗaya, misali Glenfiddich 12 da 18, ya ajiye su gefe da gefe. Ba lallai a sayi manyan kwalabe ba. Ƙananan masu mililita 50 sun wadatar, kuma sun fi dacewa da koyo.

Mataki na 1: Shirya baki, hanci da ɗaki

A ci abinci mai sauƙi kamar awa ɗaya zuwa biyu kafin a fara. Ciki babu komai yana sa barasa ta hau kai da wuri, daga nan kuma hukunci ya lalace. Amma a guji yaji, tsire, tafarnuwa, goro, gahawa, sigari da man goge baki aƙalla awa biyu. Goro ya fi kowanne ɓarna, domin baurinsa yana daɗewa a harshe, kuma irin baurin da ake nema a gane a tsohuwar ganga ne.

Kada a fesa turare, kada a kunna turaren wuta, kada a zauna kusa da kicin. A wanke hannu da sabulu marar ƙamshi. Mai mura ya ɗage zaman. A lokacin hunturu, in hanci ya bushe da ƙura, ƙamshi ba ya shiga sosai. A wanke hanci da ruwa a jira ɗan lokaci.

Zafin ɗaki yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Wuski ya fi buɗewa tsakanin digiri 18 zuwa 20. A ɗakin da ya haura digiri 30 barasar tana tashi da ƙarfi ta soke hanci, ta rufe duk wani ƙamshi mai laushi. In babu na'urar sanyaya ɗaki, a tsayar da kwalbar cikin kwanon ruwan sanyi na minti 10 zuwa 15, ko a yi zaman da dare. A kashe fanka ko a juya ta, iska tana kwashe abin da ke kofi.

Mataki na 2: Karanta takardar kwalba

Abu huɗu ake dubawa: shekaru, ƙarfi, irin ganga, da ko an tace shi da sanyi. Wuskin da ke ƙasa da kashi 46 yakan yi hazo in ya yi sanyi ko aka zuba masa ruwa, don haka matatu da yawa suke sanyaya shi su tace maiƙon da ke jawo hazon. In an rubuta *non chill-filtered*, ba a yi masa haka ba, kuma yakan fi kauri a baki. In an rubuta *cask strength*, ba a tsarma shi ba bayan fitowa daga ganga, yana iya kaiwa kashi 55 zuwa 60 ko fiye. Glenfarclas 105, misali, kashi 60 ne. Irin wannan ba a kurɓarsa kai tsaye kafin a san shi.

A nan ne kuma ake tsare kai daga jabu. Masu jabu suna sayen tsofaffin kwalaben wuski mai tsada su sake cika su. A duba hatimin murfi, a duba ko rubutu ya shafe ko takarda ta karkace, a duba ko matakin ruwan ya yi daidai da na sauran kwalabe irinta. Farashin da ya yi arha fiye da kima alama ce. Jabun barasa takan ƙunshi metanol, wanda ke makantarwa ko kisa, kuma hanci ba ya iya tabbatar da babu shi. In akwai shakka, a bar kwalbar.

Mataki na 3: Jera kofuna ka zuba

Daga mai sauƙi zuwa mai nauyi: marar hayaƙi kafin mai hayaƙi, mai ƙarancin ƙarfi kafin mai yawa, gangar Amurka kafin gangar sheri. In aka fara da Lagavulin, duk abin da ya biyo baya hayaƙi zai yi.

Kafin a zuba, a shinshina kofin babu komai. Warin sabulu, kwali ko kabad yana nufin a sake ɗauraye shi da ruwa zalla a bar shi ya bushe da kansa. Tsumman kicin yana barin wari.

A zuba mililita 15 zuwa 20 a kowane kofi. Awon mashaya a Birtaniya 25 ne ko 35, amma don ɗanɗano wannan ya yi yawa. Kofi uku na 15 sun kai 45, kusan awo biyu na 25 ke nan, kuma ya isa dare guda. A rufe kowanne.

Mataki na 4: Duba da ido, amma kada ka daɗe

A ɗaga kofin a gaban farar takarda. Launin kara ko na zinariya mai haske yakan nuna gangar Amurka ko wadda aka sha amfani da ita. Jan ƙasa mai duhu yakan nuna sheri. Sai dai doka ta yarda a ƙara launin ƙonannen sukari, saboda haka duhu ba shaidar tsufa ba ne, sai in an rubuta cewa launin na asali ne. A karkata kofin a juya shi a hankali, a ga yadda ruwan ke gangarowa a bango. In yana saukowa a hankali da kauri, akwai ƙarfi ko maiƙo. Wannan ba ya faɗin inganci. Minti ɗaya ya isa wannan mataki.

Mataki na 5: Bar shi ya huta

Masu sha'awar wuski suna da wata ƙa'ida ta baka: minti ɗaya a kofi ga kowace shekara a ganga. Ba kimiyya ba ce, amma tana da amfani. Da farkon zubawa, barasa mai kaifi ce ke tashi. Bayan minti 10 zuwa 15 ta lafa, abubuwa masu nauyi su fito. Tsohon wuski ya fi buƙatar wannan, domin ƙamshinsa ba ya tsalle ya tarye ka kamar na matashi. Kwalbar da aka buɗe yau kuma takan zo a ƙunshe, zubin farko ba ya nuna halinta. Kada a yanke mata hukunci sai an dawo mata bayan mako ɗaya ko biyu.

Mataki na 6: Shinshina

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake yin kuskuren da ya fi yawa: a cusa hanci cikin kofi a ja numfashi da ƙarfi. Barasa mai kashi 43 za ta ƙona hanci, ya yi minti da yawa bai dawo daidai ba. Kada kuma a kaɗa kofin da ƙarfi kamar yadda masu giyar inabi ke yi, hakan barasa yake tayarwa.

A buɗe murfi, a riƙe kofin daidai haɓa, a buɗe baki kaɗan, a yi numfashi kamar kullum. Buɗe baki yana rage zafin. A matso da shi sannu a hankali har zuwa inda aka fara jin tsini a hanci, sai a ja baya kaɗan. Wurin nan ne mazaunin hancinka ga wannan wuski. A ja numfashi gajere sau biyu ko uku, a kau da kofin, a huta daƙiƙa 20 zuwa 30, a dawo. A gwada ƙofar hanci ɗaya sannan ɗayar, domin galibi ɗaya ta fi buɗewa. In aka karkata kofin, ƙamshin da ke leɓen sama yakan bambanta da na leɓen ƙasa.

Karon farko barasa kawai za a ji. Karo na biyu zaƙi ya fara bayyana. A na uku ne ake fara kiran suna. Kada a fara da neman kalma mai ƙayatarwa. A yi wa kai tambayoyi manya tukuna. Akwai hayaƙi ko babu? 'Ya'yan itacen ɗanye ne kamar tuffa da lemo, ko busasshe kamar dabino da zabibi? Zaƙin na zuma ne ko na mazarƙwaila? Akwai kayan yaji? Daga nan a tsukake. In kayan yaji ne, citta ce, masoro, kirfa ko kanumfari? In hayaƙi ne, na kifin banda ne, na toka, na kwalta, ko irin warin aidin na ɗakin magani da Laphroaig ya yi suna da shi?

Bayanan da ake bugawa a kwali Turawa ne suka rubuta da abin da suka tashi suna ci. Ba dole ka ji kek ɗin Kirsimeti ba in ba ka taɓa cinsa ba. In abin da ya zo maka alkaki ne, ko soyayyar gyaɗa, ko ɓawon mangwaro, shi za ka rubuta, kuma ya fi amfani domin gobe za ka gane shi.

Alamun tsufa da ake nema su ne waɗannan. Warin ɗanyen hatsi da kaifin barasa sun ɓace. An samu ƙamshin tsohon katako, jemammiyar fata, busasshen ganyen taba, kakin zuma. A wasu tsofaffin na gangar Amurka, 'ya'yan itacen sukan juya zuwa abarba, gwanda da mangwaro. Abu mafi muhimmanci, ƙamshin ba ya zuwa ɗaya bayan ɗaya a rarrabe, ya narke cikin juna kamar miyar da ta kwana.

In hanci ya gaji, a shinshina bayan hannu ko hannun riga, a fita a sha iska minti biyu. Wanda ba ya son ya sha ko kaɗan, zai iya tsayawa a nan da mataki na 8, ya kuma san kwalbar sosai.

Mataki na 7: Kurɓa

Kurɓar farko ta sabo ce, ba a hukunci da ita. A ɗauki ɗan kaɗan, ƙasa da rabin cokalin shayi, a bar shi ya jiƙa harshe, a haɗiye ko a tofar. Za a ji zafi. A jira kamar rabin minti.

A kurɓa ta biyu a riƙe shi a baki daƙiƙa 8 zuwa 10, ana motsa shi a hankali kamar ana tauna, ya taɓa gefen harshe da dasashi. Kada a kuskure baki da shi da ƙarfi, kada a ja iska ta haƙora. A lura da abu uku a jere. Na farko jikinsa: tsinkakke ne kamar ruwa, ko yana da maiƙo, ko yana lulluɓe baki kamar madara? Na biyu tafiyarsa: da me ya fara, me ya biyo? Da yawa sukan fara da zaƙi, su wuce zuwa yaji, su ƙare da bushewa. Na uku, ya yi daidai da abin da hanci ya faɗa? Wuskin da hanci ya yi alkawarin dabino baki kuma ya samu ruwa-ruwa, an tsarma shi da yawa ko gangar ta gaji.

Bayan an haɗiye ko an tofar, a rufe baki a fitar da numfashi ta hanci. Ƙamshi yana hawa ta bayan maƙogwaro, kuma sau da yawa a nan ake kama abin da ya ɓuya tun farko.

Mataki na 8: Ƙara ruwa

Akwai masu ganin zuba ruwa a wuski mai tsada raini ne. Masu haɗa shi a matata kuwa sukan tsarma samfuri har zuwa kusan kashi 20 kafin su shinshina, domin a nan aibi ba ya ɓuya. A 2017 wasu masana kimiyya biyu a Jami'ar Linnaeus ta Suwidin, Björn Karlsson da Ran Friedman, sun nuna ta lissafin kwamfuta cewa sinadarin gwayakol, mai ba da ƙamshin hayaƙi, ya fi taruwa a saman ruwan in an rage ƙarfin barasa, inda hanci zai same shi.

Amma tsohon wuski ba ya jure ruwa kamar matashi. Mai shekara 21 ko 25 da aka ɗura a kashi 40 ko 43, ɗigo biyu zuwa uku sun ishe shi, wani ma ba ya son ko ɗaya. In aka wuce, sai ya watse, zaƙi ya gudu a bar ɗacin itace. Saboda haka a raba: a zuba rabin abin da ke kofi a wani kofin, a yi gwaji a kan rabin.

A ɗiga biyu, a juya a hankali, a jira minti ɗaya, a shinshina, a kurɓa. A ƙara biyu in har zafi na nan. Ana tsayawa a inda zafi ya daina rufe ɗanɗano amma jikin bai tsinke ba. A rubuta adadin don wani karon.

Ga mai ƙarfin ganga, wato *cask strength*, lissafi ya fi ɗigo sauri. A raba ƙarfin da ake da shi da wanda ake so, a cire 1, a ninka da yawan wuskin. Mililita 20 mai kashi 60 da ake so ya dawo 46: 60 a raba da 46 ya ba da kimanin 1.3, a cire 1 saura 0.3, a ninka da 20, ruwa mililita 6 ke nan. Mai kashi 40 da ake so ya koma 20 don shinshinawa kawai, ruwa daidai da yawansa. In ya yi hazo bayan ruwa, ba lalacewa ba ce, alamar ba a tace shi da sanyi ba ce.

Ƙanƙara tana kulle ƙamshi, tana kashe harshe, sannan ta narke ta tsarma ba tare da awo ba. A lokacin ɗanɗano babu ita. In zafi ya yi yawa, a sanyaya kofin a firji minti biyar kafin a zuba.

Mataki na 9: Abin da ya rage a baki, da kofin da ya ƙare

A ƙirga tsawon lokacin da ɗanɗano ya zauna bayan haɗiya. Wani yana ɓacewa cikin daƙiƙa 10, wani ya haura minti yana sauya kama. A nan tsohon wuski mai kyau yake biyan kuɗinsa. A rarrabe ɗumi da maƙaƙi: ɗumi yana sauka ƙirji a hankali, maƙaƙi yana karce maƙogwaro. Ɗan bauri a ƙarshe, irin na shayin da ya jiƙu, yana da kyau, yana daidaita zaƙi.

Kafin a koma kofi na gaba, a sha ruwa, a ci ɗan biskit, a jira minti biyar. In an gama duka, a koma na farko, za a same shi ya canza. Kofin da ya ƙare kuma a rufe shi a shinshina bayan awa ɗaya ko da safe. Barasa ta tafi, abin da ganga ta bayar ne kaɗai ya rage, kuma babu hanya mafi sauƙi ta koyon bambancin gangar Amurka da ta sheri.

Mataki na 10: Rubuta

Suna, shekaru, ƙarfi, kwanan wata, sannan layi ɗaya ga hanci, ɗaya ga baki, ɗaya ga ƙarshe, da ɗigon ruwa nawa. In ana yi da abokai, kowa ya rubuta nasa kafin a yi magana, domin da wani ya ce kwakwa, kowa kwakwa zai ji. Bayan zama uku ko huɗu, a sa wani ya zuba ba tare da an ga kwalba ba. A nan mutane da yawa suke gano sun fi son mai shekara 12 a kan mai 18 da suka daɗe suna yabo.

Aibobin da ake gamuwa da su

Warin ashanar da aka kyasta, ƙonanniyar roba ko dafaffen kabeji, farar wuta ce, galibi daga gangar sheri da aka turara da ita. Kaɗan wasu na so, mai yawa aibi ne, kuma akwai mutanen da hancinsu ba ya kama shi sam. Warin jiƙaƙƙen kwali ko ɗakin da ya yi danshi daga matoshin kwalba yake, ruwa ba ya gyara shi. Ɗaci mai busar da baki kamar an tauna itace yana nufin wuskin ya wuce lokacinsa a ganga. Ɗanɗanon sabulu kuwa, a fara zargin kofi kafin kwalba.

Ajiya

A tsaye ake ajiye wuski, ba a kwance ba, domin ƙarfinsa yana cin matoshi. A nisanta shi da rana, wadda ke kashe launi da ƙamshi, da kuma wurin da zafi ke hawa da sauka kamar saman firji ko kusa da taga. A ƙasa mai zafi da bushewa matoshi yakan bushe ya karye. A riƙa kifa kwalbar na daƙiƙa kaɗan duk bayan wata biyu ko uku don ya jiƙa, kuma a ajiye matoshin tsofaffin kwalabe don maye gurbi. In ya karye ya faɗa ciki, a tace wuskin da farin ƙyalle mai tsabta zuwa wata kwalbar gilashi.

Kwalbar da ta haura rabi takan riƙe halinta shekara ɗaya ko fiye. In ta sauka zuwa kashi ɗaya cikin uku, iskar da ke ciki ta yi yawa, ƙamshi ya fara dushewa cikin 'yan watanni, mai hayaƙi ma ya fi saurin nunawa. A juye ragowar a ƙaramar kwalbar gilashi mai mililita 100 ko 200, a cika ta har wuya, a rubuta suna da ranar da aka juye.